Dillalan Ƙwaƙwalwar Na'ura: Cinikin da Ake Ƙullawa Kafin a Ƙera Kaya

Duk wanda ya buɗe cikin kwamfuta zai tarar da waɗansu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe da aka ƙera da silikon, waɗanda su ne ƙwaƙwalwarta. Akasari akan yaba wa injiniyoyin da suka zana su, a manta da waɗanda suka nemo musu kasuwa, alhali kuwa sau da yawa a hannun waɗannan ne rayuwar kamfani take.

Wannan ciniki ya sha bamban da na kanti. Mai tallar ƙwayar yakan je wurin masu ƙera kwamfuta ko mota tun na'urarsu tana kan takarda, ya shawo kansu su gina ta a kan ƙwayar kamfaninsa. Da zarar sun amince, sauyawa sai ta yi wuya, domin dole a sake zane da manhaja baki ɗaya. Saboda haka ciniki ɗaya yana iya jawo oda ta shekaru.

Alal misali, a shekarar 1979 kamfanin Motorola na Amurka ya fito da ƙwayar 68000, wadda injiniyoyi da dama suke ganin ta fi 8086 ta kamfanin Intel inganci. Sai Intel ya baza ma'aikatansa na talla, ya ɗora musu burin shigar da ƙwayoyinsa cikin zane 2,000 a shekarar 1980. Abin da suka riƙa tallatawa shi ne taimakon injiniyoyi, da kayan gwaji, da alkawarin ƙwayoyin da za su biyo baya. Sun zarce burin, kuma a 1981 kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur ɗauke da 8088, ƙanwar 8086. Zuriyar wannan ƙwaya ce ta mamaye kasuwar kwamfuta shekaru da dama bayan haka.

Irin wannan aiki ba ya yiwuwa da zaƙin baki kaɗai. Jerry Sanders, wanda ya jagoranci kafa kamfanin AMD a 1969, injiniyan lantarki ne da ya yi suna a sashen talla na kamfanin Fairchild. Mai wannan sana'a tilas ya fahimci zanen abokin cinikinsa, ya san wutar da ƙwaya take ci da zafin da take fitarwa, sa'an nan ya komo ya shaida wa masu zane abin da kasuwa take bukata.

Don haka ɗalibin kimiyya da Allah ya hore wa iya hulɗa da jama'a kada ya ɗauka ɗakin gwaji ne kaɗai makomarsa. Amma fa ya riƙe karatunsa da kyau, domin injiniya ba ya sayen kaya daga hannun wanda ya kasa amsa tambayarsa.