Ko Ka Sani? Fentin Babur Yakan Bushe Tun Bai Yi Ƙwari Ba

Ko ka san cewa fentin da aka fesa wa tankin babur da hantsi, ya bushe ƙayau kafin azahar har ana shafa shi da hannu, yana iya kai mako guda ko fiye bai gama yin ƙwari ba? Duk wanda ya tsaya bakin kasuwar Talata Mafara ranar Talata zai ga yadda babura ke shan wuya: Boxer da Jincheng na shigowa daga Bakura da Maradun da gonakin noman rani na Bakolori, ɗauke da buhunan shinkafa da albasa, igiyar roba na gogar jikinsu, rana na cin launinsu. Ba mamaki mai babur ya so sabunta shi a gida, gabanin Sallah ko in zai sayar. Sai dai sau da yawa ba a rufa wata guda ba fentin ya yamutse a bakin murfin tanki, a ce ai jabu aka sayo. Jabun fenti na nan a kasuwa, amma ni a ganina gaggawa da haɗa fentin da ba jinsi ɗaya ba sun fi shi ɓarna.

Fentin da ake samu a shago kusan kashi uku ne, kowanne da yadda yake kama jiki. Na farko shi ne wanda tina ce kawai ke riƙe da shi yana ruwa-ruwa. Da ta tashi a iska sai ya daskare. Kakansa shi ne Duco na kamfanin DuPont a Amurka, wanda General Motors ya fesa wa motar Oakland ta 1924, ya rage aikin makonni ya koma na ɗan lokaci, kuma da yawa daga fentin gwangwanin feshi haka suke bushewa. Na biyu fentin mai ne, irin na ƙofa da taga, wanda sai ya yi ta shan iska a hankali kafin ya yi tauri, samansa ya riga cikinsa da kwanaki. Na uku shi ne mai haɗi biyu, fenti ko kiliya (shafen ƙarshe mai sheƙi) da ake zuba wa hadna, wato sinadarin da ke sa shi tauri, sau da yawa kashi biyu da ɗaya ko huɗu da ɗaya. Asalin sinadarinsa binciken Otto Bayer ne a Jamus a 1937. Bambancin na farko da na uku kamar na tukunyar laka ce da aka shanya da wadda aka gasa: shanyayya tana komawa taɓo in ta sha ruwa, gasasshiya kuwa ta canza ke nan. Shi ya sa fetur ke dusashe fentin gwangwani ko ya laushe shi, amma ya zuba a kan mai haɗi biyu da ya gama kamawa a goge, ba tabo.

Daga nan ake gane abin da ke yamutsa fenti. In aka shafa fentin mai jiya, yau aka fesa masa kiliya mai tina mai zafi, tinar za ta ratsa siririyar fatar da ta yi a sama, ta kumbura ɗanyen da ke ƙasa, fatar ta tattare. Kiliyar ba ta da laifi, fentin ma haka; zaman tare ne bai yiwu ba. Wani zai ce ya ga an haɗa su kuma ya zauna lafiya. Gaskiya ne, yakan faru, musamman a kan tsohon fentin kamfani da ya shekara da shekaru yana ƙwari, ko in an yi feshin farko shara-shara. Amma sa'a ce, kuma akwai hanyar gwaji da ba ta cin ko sisi: a jiƙa tsumma da tina a goga a ƙarƙashin tanki inda ido ba ya gani. In launi ya biyo tsumma ko wurin ya yi danƙo, to a kankare shi da samfefa har ƙarfe, ko a rufe shi da fentin shimfiɗa da ya dace. Sannan a karanta jikin gwangwani, domin da yawa suna cewa a ƙara shafe na gaba cikin kamar awa ɗaya, in an wuce haka a jira kwana biyu ko fiye. Tsakanin waɗannan lokuta biyu ne ɓarnar ta fi aukuwa.

Hujjar da masu gaggawa suka fi kawowa ita ce ranar ƙasarmu. Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40 a wannan yanki, ƙarfen da ke cikin rana kuma ya fi haka, to me zai hana fenti kamawa nan take? Ai kamfanoni ma gasa shi suke yi, a wajen digiri 140. Amsar ita ce kamfani na barin tina ta fita tukuna, kuma fentinsa don gashi aka yi shi. Wanda ya fesa wa tanki mai zafi a tsakar rana, samansa ke rufewa tina na ciki. In ta matsa neman hanya sai ta huda shi, a ga ƙananan ƙuraje da ramuka kamar bakin allura. Wani lokaci feshin ma yana bushewa a iska kafin ya sauka, ya bar jiki garas-garas. Ɗumi na taimakon hadna, wannan ba musu, amma bayan an yi feshi a inuwa an bar shi ya huce. Hunturu kuwa ƙura yake zubawa a kan ɗanyen fenti, sanyin asubarsa ya rage saurin kamawa, yayin da laimar damina, balle kusa da fadama da magudanan ruwan dam ɗin Bakolori, ke sa fentin tina ya yi fari-fari kamar hazo. Yayyafa ruwa a ƙasa kafin feshi yana kwantar da ƙura.

Hujjar da ta fi nauyi ta ɗan kabu-kabu ce, wanda in babur ya kwana biyu a jingine gidansa ne ya kwana biyu ba cefane, ga kiliya mai hadna da tsada. Ba na raina wannan. Sai dai ba dukkan babur ke buƙatar tsadar ba. Tanki ne ke haɗuwa da fetur kullum, musamman ga mai saye wurin 'yan bumburutu inda ake tsiyayawa daga kwalba ko galan, don haka can ya kamata kuɗin ya tafi. Murafun gefe na roba gwangwani ya ishe su, tina mai zafi ma tsattsaga wasunsu take yi. Salansa kuwa fentin da ke jure zafi take so. Tanki na kwancewa, ana iya ɗaura tsoho na aro a ci gaba da nema har sabon ya cika mako. Wanda ya ƙi jira, zai sake sayen fenti da samfefa, ya kuma jingine babur ɗin karo na biyu.

Inda nake ja da aikin gida shi ne hadna kanta. Sinadarin da ke cikinta, in an shaƙi feshinsa, yana jawo asma da kan zauna wa mutum har abada, kuma takunkumin ƙyalle ko rawani ba ya tare shi. Tsakar gida mai yara da murhu ba wurin fesa shi ba ne, tururin tina da na tankin da ba a wanke ba kuma wuta suke jira. Mai babur ya yi kankara da gugar samfefa da kansa, daga lamba 400 zuwa 600 ko 800, nan ne rabin kuɗin aikin yake, feshin kiliya kuma ya kai wa mai fenti da ke da kwamfiresa da abin rufe hanci na ainihi. In zai canza launi, ya tuna takardun babur na ɗauke da launinsa na asali, kuma a hanyar Gusau zuwa Sakkwato shingen bincike ba ɗaya ba ne.