Mutuncin Manomin Kwarin Rima Ya Koma Lamba 11

Tun kaka da kakanni, a kan mutunci ake bayar da bashi a kasuwannin Achida da Gandi da Goronyo. Dillalin albasa kan ɗauki buhu hamsin da baki kawai, domin an san gidansu, an san wanda ya haife shi. Wanda ya ci amana sau ɗaya kuwa, sai dai ya nemi wata kasuwar. A yau wannan mutunci ya shiga rajista. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da BVN a Fabrairun 2014, sunan duk mai asusun banki ya rataya a kan lambobi 11, kuma bashi lambar yake bi, ba fuska ba.

Dokar bayanan bashi ta 2017 ta ba kamfanoni irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry damar adana tarihin rancen kowa, bankuna kuma sukan duba can kafin su ba mutum ko sisi. Daga Agustan 2020 aka ƙara da tsarin GSI, wanda ya ba banki ikon cire bashin da aka ƙi biya daga asusun mai bashin, ko da a wani bankin yake.

Ga inda gizo ke saƙar. Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Kebbi a Nuwamban 2015, manoman shinkafa na fadamun Wurno da na ƙasan madatsar ruwan Goronyo suka saba da rubuta suna. Da zarar wani ya zo da takarda ya ce tallafi ne, sai a miƙa masa BVN da hoto da lambar waya, ba tambaya. Alhali da waɗannan, muddin ya mallaki layin wayar ko lambar sirrin da ake turowa, mugu zai iya cin bashi da sunan bawan Allah. Mai sunan ba zai farga ba sai ranar da ya sayar da tafarnuwarsa kuɗin suka shiga asusu suka ɓace, ko ya nemi rancen taki aka ce sunansa ya ɓaci.

Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura kowa wurin mai POS. Galibinsu masu neman halali ne, amma ba hujja ba ce dattijo ya miƙa katinsa ya kuma faɗi lambar sirrinsa a bainar jama'a.

Ɗalibai da ma'aikata ma ba su tsira ba. MMM ta daskarar da kuɗin jama'a a Disamban 2016, CBEX ta rushe a Afrilun 2025, salon kuwa ɗaya ne: da kuɗin na baya ake biyan na gaba, har ranar da sababbin shiga suka ƙare. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Mafita ba ta da tsada. Banki ba ya kiran mutum ya nemi lambar sirrinsa. Wayar da ta ɓace, a rufe layin da asusun nan take. Doka ta ba kowa damar karɓar rahoton bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara, sai a nema a duba. Duk kamfanin da ya yi alkawarin riba, a tambayi rajistarsa da hukumar SEC. In banki ya ƙi sauraron koke, akwai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa a Babban Banki.

Nauyin yana kanmu da muka yi boko. Limamai da hakimai da shugabannin ƙungiyoyin manoma su daina barin a tattara bayanan jama'a sai an san wanda ya aiko da abin da za a yi da su. Ɗalibin da ya je hutu Rabah ko Wurno kuwa, ya zauna da mahaifinsa ya duba masa saƙonnin bankin da ke wayarsa kafin ya koma makaranta.