Imel ɗin Yaronka, Lambar Wayar Wani

Da zarar makaranta ta aiko da takarda cewa kowane ɗalibi ya kawo adireshin imel saboda za a fara ba da aikin gida ta manhaja, abin da yawancin iyaye ke yi iri ɗaya ne. A miƙa wa yaro 'yan kuɗi, a ce ya je shagon kwamfuta na bakin titi a buɗe masa. Mai shago ya san aikinsa, kafin ka ce kwabo ya gama. Da aka zo wurin ranar haihuwa yaro ya ce shekararsa tara, sai mai shago ya yi murmushi ya mayar da shi ɗan shekara 25, don ya san Google ba ya barin ɗan shekara tara ya buɗe asusu shi kaɗai. Da aka nemi lambar waya, yaro ba shi da waya, mai shago ya saka tasa. Kalmar sirri kuwa sunan yaron ne da 1234, an rubuta a bayan guntun takarda, an cusa a aljihun kayan makaranta. Ranar Asabar aka wanke rigar har da takardar.

Uba bai tambayi komai ba. An ce a kawo imel, an kawo, shi ke nan.

Wannan ma da sauƙi idan aka kwatanta da abin da ake yi a wasu makarantun kuɗi. Can malamin kwamfuta ne ke zama ya buɗe wa aji guda, ɗaya bayan ɗaya, da lambar wayarsa. Google yana da iyakar yawan asusun da zai yarda a tabbatar da lamba ɗaya, don haka idan lambar malam ta ƙi karɓuwa sai ya ari ta abokin aikinsa, sannan ta akawun makaranta, wani lokaci har ta maigadi. Kalmar sirrin duk 'yan ajin ɗaya ce, sunan makarantar da shekarar, don kada yara su manta. Wato kowane yaro a ajin zai iya shiga asusun kowane yaro, ya karanta abin da ke ciki, ya goge aikin wani, ko ya aika wa malama zagi da sunan wani. Kuma kowa ya san yadda malamai ke yawan sauya wurin aiki a irin waɗannan makarantu. Zangon karatu biyu, malam ya samu wurin da ya fi albashi ya tafi, ya tafi da layinsa a aljihu. Ranar da aka sauya wa yaro waya, ko wani ɗan ajin ya canza kalmar sirrin don tsokana, Google zai ce ya aika lambar tabbatarwa zuwa wayar da ta ƙare da lambobi kaza. Uwa ta duba, uba ya duba, babu wanda ya san lambar. An gina gida an bar makulli a hannun magini, magini kuma ya bar gari.

Abin haushin shi ne, ko da an samo malamin, ba lallai layin yana hannunsa ba. Tun Disambar 2020 da gwamnatin Najeriya ta wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, an toshe layuka masu ɗimbin yawa, kuma kamfanonin sadarwa suna sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba. Lambar da za ta buɗe asusun yarinya 'yar aji huɗu tana iya kasancewa yau a wayar wani baƙo a wata jiha. Ba a ce baƙon mugu ne ba. Amma wane uba ne zai yarda da wannan tsarin in da an yi masa bayani tun farko?

Ita kuma ƙaryar shekaru ba ƙaramar magana ba ce, duk da mutane sun ɗauke ta dabara. Shekara 13 da Google da sauran kamfanoni suka sa a matsayin iyaka ta samo asali ne daga wata dokar Amurka ta 1998, wadda ake kira COPPA, da ta hana tattara bayanan yaro ɗan ƙasa da 13 ba da izinin iyayensa ba. Wasu ƙasashen sun ɗaga iyakar: 15 a Faransa, 16 a Jamus. Kamfanonin sun san zafin dokar COPPA. A 2019 Google da YouTube sun biya dala miliyan 170 kan zargin karya ta. A 2023 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta ci tarar Edmodo dala miliyan 6, alhali manhaja ce ta aji da malamai suka amince da ita a ƙasashe da dama, saboda ta yi amfani da bayanan yara wajen talla, ta kuma jibga wa makarantu nauyin neman izinin iyaye. Kafin hukuncin ma kamfanin ya rufe manhajar a 2022. Duk wannan kariya an yi ta ne don wanda na'ura ta sani yaro ne. Wanda aka rubuta masa shekara 25, babba ne a wurin Google: bidiyon da aka keɓe wa manya a YouTube a buɗe yake gare shi, tallace-tallace na bin sa, kuma babu wata ƙofa da iyaye za su leƙa ta ciki. Idan kuma Google ya gano cewa mai asusun yaro ne, yana ba da kwana 14 a sa asusun ƙarƙashin kulawar iyaye ko a kawo shaidar shekaru, in ba haka ba a rufe shi.

A gida ma akwai doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ce idan za a sarrafa bayanan yaro bisa izini, to izinin uba ko uwa ko mai riƙonsa ake nema. Makarantar da ta ɗebi sunayen yara da hotunansu ta zuba a manhaja ba tare da ta sanar da iyaye ba, ya kamata ta sake tunani.

Wasu iyayen sun zaɓi wata gajeriyar hanyar, su ba yaro nasu imel ɗin. Shi ya sa za ka ga sunan Alhaji wane a jerin 'yan aji uku. A cikin wannan asusun akwai saƙonnin banki, akwai hotunan iyali, akwai lambobin duk mutanen da ke wayar. Yaro kuma zai shiga da shi a kwamfutar makaranta ko ta shago ya tashi bai fita ba.

Hanyar da ta dace tana nan, kuma kyauta ce. Idan makaranta ce ke son amfani da Google Classroom, wanda aka fito da shi tun 2014, nauyin buɗe asusun yana wuyanta. Google yana da tsari na musamman don makarantu, Google Workspace for Education, wanda matakinsa na farko ba a biyan ko sisi ga makarantar da ta cika sharuɗɗa. Makaranta ta yi rajista da adireshinta na intanet, ta ba kowane ɗalibi asusu da sunanta. Mai kula da tsarin zai iya sauya wa yaro kalmar sirri nan take ba tare da neman lambar kowa ba, zai iya hana saƙon waje shigowa, zai iya kashe YouTube ga ƙananan azuzuwa. Microsoft ma yana da makamancinsa da manhajar Teams. Abin da malamai da yawa ba sa so a faɗa shi ne, duk wanda ya buɗe aji a Classroom da imel ɗinsa na kansa, sai da ya danna wani ɗan akwati da ke cewa ba a makaranta zai yi amfani da shi da ɗalibai ba. Ana dannawa ne ba a karanta ba. Ko a tsarin makarantar ma, kada a bar ikon kula da shi a hannun mutum ɗaya. Shugaban makaranta ya zama yana da nasa, don ranar da malamin kwamfuta ya ajiye aiki.

Idan kuma makaranta ta dage cewa iyaye ne za su kawo, to uba ko uwa su zauna su buɗe da kansu ta manhajar Family Link, wadda Google ya fitar a 2017. A nan ana saka ainihin shekarun yaro, asusunsa ya rataya a jikin na mahaifinsa. Daga wayarsa uba zai sauya kalmar sirri, ya amince ko ya hana sauke wata manhaja, ya ƙayyade awannin da za a yi a waya. Wanda bai iya ba, ba laifi ya je shagon kwamfuta, amma ya je da ƙafarsa, da wayarsa a hannu, ya tsaya a kan mai shago har a gama, ya kuma tabbata an fita daga asusun kafin ya bar wurin.

Ga waɗanda aikin gama ya gama, an riga an buɗe ta bayan gida, gyaran ba ya cin minti goma muddin ana iya shiga asusun yanzu. A shiga sashen tsaro, a duba lambar waya da imel ɗin da aka ajiye don dawo da asusu. In ba na gidan ba ne, a cire, a saka layin uwa ko na uba, wanda aka yi wa rajista da NIN ɗinsu kuma ake kira da shi kullum. Kada a saka wani tsohon layi da ke kwance a durowa. A ƙara imel ɗin ɗaya daga cikin iyayen a matsayin madogara ta biyu, don in layi ya ɓace a samu wata ƙofar. Sannan a sauya kalmar sirri, a duba jerin na'urorin da asusun yake buɗe a kansu, a kori duk wadda ba a sani ba. Adireshin da kalmar sirrin a rubuta su a takarda a ajiye inda ake ajiye takardar haihuwa da katin rigakafi. Masu ganin rubuta kalmar sirri a takarda ƙauyanci ne su tuna cewa ɓarawon intanet ba ya buɗe akwatin uwar gida. Kuma duk lokacin da aka sauya layi, a tuna da asusun yara kafin a yar da tsohon.

Akwai abubuwa biyu da ke cin mutane daga baya. Asusun makaranta na makaranta ne. Ranar da yaro ya bar ta, ana iya rufe shi da duk abin da ke ciki, don haka a kwashe ayyuka da hotuna tun kafin a karɓi takardar canjin makaranta, kada kuma a yi rajistar wani abu mai ɗorewa da shi. Asusun kai kuma, tun Disambar 2023 Google ya ba kansa damar goge duk wanda aka shekara biyu ba a shiga ba.

Wanda yake ganin duk wannan surutu ne a kan aikin gidan 'yan firamare, ya leƙa cibiyoyin rajistar JAMB lokacin da ake sayar da fom. Hukumar tana neman lambar NIN da layin waya da imel na ɗalibin kansa, kuma ta sha jan kunne cewa kada a yi amfani da na wani. Duk da haka kowace shekara sai an ga matasa suna safa da marwa saboda ba za su iya shiga shafinsu ba, don imel ɗin da aka yi musu rajista da shi na mai shago ne, ko kuma an buɗe shi tun suna ƙanana da lambar da babu wanda ya san mai ita. Gyara irin wannan yana cin kuɗi da zirga-zirga, kuma yakan faɗo ne daidai lokacin da ake jiran sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu.