Yadda Manhajar Kwamfuta Ke Sauƙaƙa Kula da Odar Kaya a Kasuwancin Intanet

Kamar yadda jama'a suka shaida, saye da sayarwa ta hanyar intanet ya daɗe da ƙetare iyakar manyan birane. Tun daga shekarar 2012, lokacin da kamfanonin Jumia da Konga suka buɗe a Legas, harkar take ta bunƙasa, har ta kai a yau ƙungiyar mata masu sana'ar ƙuli-ƙuli ko mai kiwon zuma a ƙauye kan samu masu saye daga Abuja ko Fatakwal ta wayar hannu. Sai dai da zarar ciniki ya buɗe, wani nauyi yakan biyo baya, wato kula da odar da ke shigowa.

Kowace oda tana da matakan da ba sa canzawa. Za a rubuta sunan mai saye da abin da yake so, a duba ko kayan suna nan a sito, a tabbatar kuɗi sun shiga, a ɗaure kaya a kai tasha, a aika masa da lambar direba, sannan a yi ta amsa tambayar ko mota ta taso. Idan oda biyar ce a rana, littafi da biro sun wadatar. Idan ta kai hamsin, a nan ake fara sayar wa mutum biyu kaya ɗaya, ko a aika da zumar mutumin Kaduna zuwa Ilori. Irin wannan kuskure ba ƙaramar asara yake jawowa ba, domin wanda ya biya kuɗi bai ga kaya ba da wuya ya dawo, kuma ba zai yi shiru ba.

Waɗannan ayyuka da ake maimaitawa su ne ake ɗora wa manhajar kwamfuta. Yadda abin ke gudana ba shi da wuyar fahimta: ana ba manhajar ƙa'ida ce tun farko, cewa idan kaza ya faru ta yi kaza, ita kuma sai ta riƙa bin ƙa'idar dare da rana. A ɗauka wata ƙungiya tana da kwalaben zuma 40 a sito, wani ya sayi 3 da ƙarfe biyun dare. Nan take manhajar za ta ba odar lamba, ta mayar da lissafin sito 37, ta aika wa mai saye rasit, ta kuma jera odar cikin waɗanda za a ɗaure da safe. Idan an gindaya mata cewa ta yi gargaɗi da zarar kwalabe sun ragu zuwa 10, za ta aika wa ma'aji saƙo. Idan suka ƙare ƙaf, sai ta daina karɓar oda har a kawo wasu.

Wannan dabara ta samo asali ne daga manyan kantunan ƙasashen waje. A watan Yunin 1974 aka fara karanta lambar nan mai layi-layi da ake bugawa a jikin kaya da na'ura, a wani kanti da ke jihar Ohayo ta Amurka, kuma ƙunshin cingam ne aka soma da shi. Daga nan lissafin kaya ya fara komawa hannun kwamfuta. A 2012 kamfanin Amazon ya sayi kamfanin Kiva Systems a kan dala miliyan 775, domin ya mallaki na'urorinsa masu ɗauko kantar kaya sukutum su kawo ta gaban ma'aikaci. Ƙaramin ɗan kasuwa ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a Janairun 2018, tana ba mutum damar jera kayansa da farashinsu, da tanadar amsoshin da ake yawan bayarwa, da sanya wa kowane ciniki alamar an biya ko ba a biya ba. Ga wanda ke farawa, wannan ma ci gaba ne a kan littafi.

Inda manhaja ta fi yi wa ɗan kasuwar wannan ƙasa rana shi ne wajen tabbatar da biyan kuɗi. Tun daga 2011 ake iya tura kuɗi nan take daga wani banki zuwa wani a Nijeriya, kuma ƙarancin takardun naira da aka yi a farkon 2023 ya sa hatta masu sayar da kayan miya sun koma karɓar kuɗi ta banki. Tare da haka ne 'yan damfara suka yawaita aika saƙon banki na bogi da hoton rasit da aka shirya. Mai kaya yana ganin hoton sai ya saki kaya, sai daga baya ya duba asusu ya tarar wayam. Manhajar da aka haɗa da kamfanin karɓar kuɗi ba ta kallon hoto. Wasu daga cikin irin waɗannan kamfanoni kan ware wa kowace oda lambar asusu ta wucin gadi, saboda haka ba za a rubuta cewa an biya ba sai kuɗin sun shiga, kuma sai adadin ya cika. Akwai ɗan ladan da suke cira a kan kowane ciniki, wanda ya kamata mutum ya tambaya tun kafin ya shiga. A ganina, ga mai ciniki da baƙi daga nesa, ladan nan ya fi asarar buhu guda sauƙi.

Duk da haka, wajibi ne a san cewa manhaja ba ta shiga sito ta ƙirga kaya. Abin da aka gaya mata da shi take aiki. Idan ɗan mai shago ya sayar da kwalba biyar ranar kasuwa bai shigar ba, ita tana nan a kan lissafinta na jiya, za ta kuma ci gaba da karɓar kuɗin mutane a kan kayan da babu su. Saboda haka duk wanda ya rungumi wannan tsari sai ya ɗaure wa shigar da kowane ciniki, na intanet da na hannu, ya kuma riƙa ƙirga kayansa da ido aƙalla sau ɗaya a mako. Haka nan akwai al'amuran da bai dace a bar wa na'ura ba, kamar mai saye da ya fusata saboda kwalba ta fashe a hanya, ko tsohon abokin ciniki da ke neman a ɗaga masa ƙafa. Waɗannan sai an ji muryar mutum.

Matsala ta gaba ita ce adireshi, kuma a nan ne maganar ta shafi jami'an ƙananan hukumomi kai tsaye. Manhaja na iya buga takardar da za a manna wa ƙunshi cikin ƙiftawar ido, amma idan abin da aka ba ta shi ne “bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi”, shi za ta buga. Ɗan aike zai yi ta kiran waya, idan babu sabis ya juya da kaya, kuɗin mota ya tashi a banza. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin raɗa wa tituna suna da sanya wa gidaje lamba. Mutane da dama na ɗaukar wannan aiki a matsayin ado, alhali shi ne ke sa kaya su shiga gari, na gari kuma su fita. Ƙasar Gana ta gwada wata hanya a 2017, inda ta ƙaddamar da tsarin GhanaPostGPS mai ba kowane wuri lambar adireshi ta hanyar tauraron ɗan Adam. Kafin a kai ga haka, dagatai da masu unguwanni na iya amincewa a kan wuri ɗaya sananne a kowane gari, kamar ofishin 'yan tasha ko shagon wani amintacce, inda za a riƙa saukewa da ɗaukar kaya, a kuma rubuta sunansa iri ɗaya a kowace oda.

Har ila yau, sunaye da lambobin waya da adireshin da manhaja ke tarawa amana ce a hannun mai kasuwa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana amfani da su a kan abin da ba don shi aka karɓe su ba, balle a miƙa wa wani ba da yardar masu su ba. Ƙungiyoyin da mutane da yawa ke amfani da waya ɗaya su tabbatar an san wanda ke riƙe da lambar sirri, kuma a canza ta a duk lokacin da sakatare ko ma'aji ya sauka daga muƙaminsa.