Jaririn da Aka Haifa Kwana Uku Kafin Zaɓen Kalifoniya

A farkon shekarar 1963, duk wanda ka tambaya a Washinton wa jam'iyyar Rifablikan za ta tsayar ya kara da Shugaba John Kennedy, suna ɗaya zai ba ka: Nelson Rockefeller, gwamnan jihar Niyok. Jikan John D. Rockefeller ne, attajirin man fetur ɗin nan da ya kafa kamfanin Standard Oil, don haka kuɗin yaƙin neman zaɓe bai taɓa hana shi barci ba. Ya ci kujerar gwamna a 1958, ya sake ci a 1962. Mutum ne mai fara'a da son shiga jama'a, ga son manyan ayyuka: tituna, gidaje, asibitoci, da jami'ar jiha wadda ya faɗaɗa ta ninki ba ninki. A siyasa kuwa ɗan tsaka-tsaki ne. Yana tare da 'yan kasuwa, ba ya ga maciji da kwaminisanci, amma bai ga laifin gwamnati ta ƙara haraji ta yi wa talaka aiki ba. Yana goyon bayan 'yancin baƙar fata a fili, har yana tallafa wa gwagwarmayar Martin Luther King da kuɗinsa.

Wannan tsaka-tsakin shi ya sa ake ganin zai iya ja da Kennedy, shi ne kuma ya sa wani ɓangare na jam'iyyarsa bai taɓa sakin jiki da shi ba. 'Yan jam'iyya na ƙananan garuruwa a tsakiyar ƙasar da yamma da kudu, waɗanda ba sa fashin coci ranar Lahadi, sun daɗe suna ƙorafin cewa attajiran gabas ne ke zaɓa musu ɗan takara. Gwaninsu shi ne Barry Goldwater, sanata daga Arizona, ɗan mazan jiya na gani kashe ni. Duk da haka, a ƙuri'ar jin ra'ayin 'yan jam'iyya da cibiyar Gallup ta yi a bazarar 1963, Rockefeller na da kashi 43 cikin ɗari, Goldwater na da 26.

Sai maganar aure ta shigo.

Tun a Nuwamban 1961 aka ba da sanarwar cewa gwamnan zai rabu da matarsa Mary, wadda suka yi shekara 31 tare, suka haifi 'ya'ya biyar. Kwana biyu kacal bayan sanarwar, ɗansu Michael, mai shekara 23, ya ɓata a teku kusa da gaɓar tsibirin New Guinea, inda ya je tattara kayan sassaƙan mutanen Asmat. Har yau ba a ga gawarsa ba. Tausayin uban da ya rasa ɗa ya rufe bakin masu surutu. Auren ya mutu a Maris na 1962, a Nuwamba kuma mutanen Niyok suka sake zaɓen sa da ratar ƙuri'a fiye da rabin miliyan. Daga nan Rockefeller ya yanke wa kansa hukunci cewa jama'a ba ruwansu da abin da ke cikin gidansa. Yana ma da hujja, domin Adlai Stevenson, wanda aurensa ya mutu a 1949, sau biyu jam'iyyar Dimokurat tana tsayar da shi takarar shugaban ƙasa.

Ranar Asabar, 4 ga Mayun 1963, ya auri Margaretta Murphy, wadda kowa ke kira Happy. Yana da shekara 54, tana da 36. Ta taɓa yin aiki a ofishinsa, maƙwabciyar danginsa ce, kuma wata ɗaya da 'yan kwanaki ke nan da ta rabu da mijinta, wani likita mai bincike a cibiyar da ke ɗauke da sunan gidan Rockefeller. Abin da ya fi ta da hankalin mutane shi ne 'ya'yanta huɗu, dukansu ƙanana, waɗanda suka zauna a hannun ubansu. Mai karatu ya tuna cewa dokar Amurka ba ta yarda da mace fiye da ɗaya ba. Mai son sabon aure dole ya fara sallamar ta gida. Ke nan a idon jama'a gida biyu aka rusa aka gina ɗaya. Limamin cocin da ya ɗaura auren sai da shugabanninsa suka tsawata masa. Ana cikin wannan ƙura, ango da amarya suka tafi gonarsa a Benezuwela, jaridu suka yi ta buga hotunansu suna murmushi.

Ba a daɗe ba Gallup ta sake tambaya. Rockefeller ya faɗo zuwa kashi 30, Goldwater ya hau 35. A watan Yuni, tsohon sanata Prescott Bush, mahaifin George Bush babba, wanda a da yake cikin masu goyon bayan gwamnan, ya tsaya gaban 'yan mata masu kammala karatu a wata makaranta da ke Greenwich, jihar Connecticut, ya yi tambayar da ta zagaye ƙasar: shin lalacewa ta kai a ce gwamnan babbar jiha zai bar matar kirki, uwar 'ya'yansa, ya sa wata ta bar mijinta da ƙananan 'ya'yanta huɗu, sannan ya zo neman shugabancin ƙasa?

Akwai masu ganin wannan fushi duk siyasa ce aka lulluɓe da rigar addini. Ban yarda ba. Gaskiya ne cewa 'yan mazan jiya sun riga sun ƙi shi saboda haraji da kuma maganar baƙar fata, kuma auren ya ba su sandar da suke nema. Amma waɗanda suka fi juya masa baya mata ne, matan aure masu matsakaicin shekaru, su ne kuwa ƙashin bayan jam'iyya a unguwanni: su ke buga waya, su ke rufe ambulan, su ke bi gida gida. Kowacce ta dubi Mary ta ga kanta, ta ga abin da zai iya samun ta bayan shekara talatin na aure. Wannan tsoro na gaske ne, kuma babu tsawon titi ko yawan ajin makaranta da zai amsa shi. Kuskuren Rockefeller shi ne bai taɓa zama ya dubi wannan tsoron da idon basira ba. Ya ɗauka ƙura ce, za ta lafa. Ita kuwa Happy, ita ta sha mafi yawan zagin, daga baya ma ta je kotu neman a ba ta 'ya'yanta, ba ta yi nasara ba.

Rockefeller ya shiga takara ranar 7 ga Nuwamban 1963. Mako biyu bayan haka aka harbe Kennedy a Dallas, Lyndon Johnson ya hau mulki. A zaɓen fid da gwani na New Hampshire, ranar 10 ga Maris na 1964, Happy ta bi mijinta yawon neman ƙuri'a da ciki. Jama'a suka guje shi, suka guji Goldwater, suka rubuta da hannunsu sunan Henry Cabot Lodge, jakadan Amurka da ke zaune can Saigon ta Biyetnam, wanda ko sunansa babu a takardar zaɓe. Rockefeller ya zo na uku. Kowa ya ce ta ƙare masa, shi kuwa ya tattara ya koma Oregon, ya bi ta lungu lungu, yana tuna wa mutane cewa shi kaɗai ne ya damu ya zo da ƙafarsa. Ranar 15 ga Mayu ya ci Oregon.

Saura Kalifoniya, ranar Talata 2 ga Yuni. Wakilai 86 ne na zuwa babban taron jam'iyya, wanda ya yi nasara ya kwashe duka, kuma mutum biyu ne kawai a takardar: shi da Goldwater. Ya zuba kuɗi, ya ɗauko ƙwararru biyu, Stuart Spencer da Bill Roberts, suka juya maganar daga aure zuwa bam ɗin nukiliya, suna tambayar masu zaɓe wa za su amince ya riƙe makullin irin wannan makami. Dabarar ta yi aiki, ƙuri'un jin ra'ayi suka nuna shi a gaba. Sai dai malaman coci ba su manta ba. Jami'ar Loyola ta 'yan Katolika da ke Los Angeles ta janye gayyatar da ta yi masa ya yi jawabi, wasu fastoci kuma suka fito suka ce bai cancanta ba. A kudancin jihar, dubban magoya bayan Goldwater na ta ƙwanƙwasa ƙofofi ba tare da an biya su ko sisi ba.

Ranar Asabar, 30 ga Mayu, Happy ta haihu a Niyok, namiji, aka sa masa sunan ubansa. Rockefeller ya bar fagen fama ya tafi ganin ɗansa, kamar yadda kowane uba zai yi, yana murna bai ɓoye ba. Jaridun Lahadi suka buga labarin a shafin farko, tare da tarihin auren tun daga tushe. Duk abin da aka yi watanni ana binnewa ya taso a ƙarshen mako guda. Ranar Talata mutum fiye da miliyan biyu suka jefa ƙuri'a, Goldwater ya ci da ratar kusan 68,000. Ba wanda zai iya rantsuwa cewa haihuwar ce kaɗai ta jawo haka, domin aikin masu bi gida gida ma ya yi nauyi, amma da rata ƙanƙanuwa irin wannan, ba sai mutane da yawa sun sauya ra'ayi ba. Bayan mako biyu Rockefeller ya janye, ya mara wa William Scranton, gwamnan Pennsylvania, baya.

Abin da ya faru a babban taron jam'iyya, a zauren Cow Palace da ke gefen San Francisco, shi ya fi zama a zukatan waɗanda suka gani. Daren 14 ga Yuli aka ba Rockefeller minti biyar ya kare wani gyara ga manufofin jam'iyya da ke neman jam'iyya ta la'anci masu tsattsauran ra'ayi, har da 'yan Ku Klux Klan da ƙungiyar John Birch. An ja shirin taron har dare ya raba a gabashin ƙasar, yawancin masu kallon talabijin sun kwanta. Da ya fara lissafa abin da mutanensa suka gani a Kalifoniya, wayar tsakar dare, wasiƙun barazana marasa sa hannu, barazanar dasa bam, sai ihu ya kaure daga benayen 'yan kallo. Ana busa ƙaho, ana kiran sunan Barry. Shugaban taron, Sanata Thruston Morton, yana ta buga gudumarsa a banza, har ya matso yana nuna masa lokaci ya ƙure. Rockefeller ya ƙi gusawa, ya ce a fara tsawata wa masu ihun. Ya dafa teburin jawabi, yana jira ihu ya sassauta ya ƙara jimla ɗaya, a sake kaurewa, ya sake jira. A tsakiyar haka ya ce musu har yanzu dai ƙasar nan ta masu 'yanci ce. Mutanen Goldwater kansu sun yi ta aika wa wakilansu su yi shiru, don sun san abin da kyamara ke nuna wa duniya. Sai da ya kai ƙarshen takardarsa ya sauka. Ko maƙiyinsa ya san an yi jarumta a daren nan, amma gyaran ya faɗi, Goldwater kuma ya samu tikiti da ƙuri'a 883.

A Nuwamba Johnson ya yi wa Goldwater kaca-kaca, ya samu kashi 61 cikin ɗari. Jiha shida kawai Goldwater ya ci: Arizona da biyar a can ƙuryar kudu, inda aka yaba masa don ya ƙi dokar 'yancin baƙar fata ta 1964. Amma jam'iyyar ta riga ta sauya hannu. Spencer da Roberts suka koma wajen Ronald Reagan, suka taimaka masa ya ci gwamnan Kalifoniya a 1966. Shi ma Reagan aurensa na fari ya mutu, amma a 1980 masu riƙo da addini suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu suka zaɓe shi, domin ya je gare su, ya yi magana da yarensu, ya ɗauki damuwarsu tasa.

Rockefeller ya sake gwadawa a 1968, Richard Nixon ya kayar da shi. A 1970 ya sa hannu a dokar da ta halatta zubar da ciki a Niyok, a 1972 ya hau kujerar na ƙi da majalisar jiha ta nemi soke ta, abin da ya ƙara faɗin ramin da ke tsakaninsa da 'yan coci. Shugaba Gerald Ford ya ɗauko shi mataimakin shugaban ƙasa a Disamban 1974, amma kafin shekara ta zagayo, da matsin lambar 'yan mazan jiya ya yi yawa, aka sa shi ya sanar cewa ba zai tsaya tare da Ford a zaɓen 1976 ba. Ya rasu a Janairun 1979. Daga baya Ford ya faɗa da bakinsa cewa sakin Rockefeller da ya yi yana cikin 'yan abubuwan ragwanta da ya aikata a rayuwarsa.