Sanyin da Ke Haifar Taurari

Wanda ya ɗaga kai bayan sallar isha'i a watan Janairu, idan hazo ya lafa, zai ga taurari uku a jere kamar an ja su da zare. Kusa da su akwai wani ɗan dishi-dishi mai kama da hayaƙi. Wannan shi ne gajimaren Oriyon, kuma haskensa sai ya yi tafiyar kusan shekara 1,350 kafin ya iso idonmu. A can ake haihuwar taurari har yau.

Gajimaren ba na ruwan sama ba ne. Tarin iska ce, mafi yawanta haidurojin, gauraye da ƙura mai laushi. Ƙurar tana tare hasken da ke zuwa daga waje kamar yadda hazon hunturu ke dushe rana, don haka inda ya fi kauri duhu ne da sanyi, har ya kai digiri 260 ƙasa da sifili. Sanyin nan shi ne sirrin. Iska mai zafi ba ta zama wuri ɗaya, watsewa take yi. Idan ta yi sanyi ƙwarai sai ta lafa, nauyinta ya rinjaye ta, ta fara dunƙulewa. Dunƙulen yana matsewa, tsakiyarsa na ɗaukar zafi, har ya kai kusan digiri miliyan 10. Daga nan haidurojin ya fara rikiɗewa zuwa hiliyom, tauraro ya kama ci.

To, ta yaya masana ke ganin abin da ke cikin duhu? Haidurojin mai sanyi ba ya fitar da wata alama da za a kama da sauƙi. Sai suka bi sawun abokin tafiyarsa, kabon monoksaid, wato iskar nan mai guba da ke fita daga janareto ko gawayi a rufaffen ɗaki. A 1970, Robert Wilson, Keith Jefferts da Arno Penzias suka kama siginarta ta rediyo daga Oriyon. Tun daga lokacin, inda aka ji ta, an san haidurojin na nan jibge. Yau faifan rediyo 66 na cibiyar ALMA, a hamadar Atakama ta ƙasar Chile, suna wannan aiki. A 2014 suka ɗauko hoton jaririn tauraro HL Tauri, kewaye da faifan ƙura mai zobba-zobba, irin wurin da duniyoyi ke samuwa.

Sai dai jariran nan ba su san hallacci ba. Manyan taurari huɗu da ke tsakiyar Oriyon suna feso haske mai tsananin ƙarfi da ke ƙwaƙule gajimaren da ya haife su. A wasu wurare matsin da hasken ke haifarwa yana tura iska ta dunƙule, a samu sababbin taurari. A wasu kuma yana watsa ta gaba ɗaya. Shi ya sa ɗan kaɗan ne daga cikin iskar gajimare ke zama tauraro.

Kaza da 'ya'yanta da muke gani a sama misali ne na abin da ke biyo baya: 'yan'uwa ne da aka haifa tare kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, gajimaren haihuwarsu ya riga ya watse. Ranarmu ma haka ta faro, shekara biliyan 4.6 baya. Zafin da ke busar da hatsi a shanya, asalinsa daga wancan sanyi ya fito.