Daga Jarba zuwa Damargu: maziyartan Yahudawa da tsohuwar hanyar ayari

Kowace shekara, wajen watan Afrilu ko Mayu, Yahudawa sukan tashi ƙungiya-ƙungiya daga Faransa da wasu ƙasashe, su nufi tsibirin Jarba da ke kudancin Tunusiya. Jama'ar majami'a guda sukan haɗa kuɗin jirgi da na masauki, su tafi tare da malaminsu, da tsofaffi da yara. Abin da ke kai su shi ne ziyarar Gariba, wurin ibadar da ake lasaftawa cikin mafi tsufa a Afirka. Mai karatu na Tanut ko Belbeji zai ce, ina ruwan Damargu da wannan labari? A yi haƙuri a bi mu, za a ga inda hanyoyin suka gamu.

Yadda ziyarar take

Gariba tana ƙauyen Hara Sagira, wanda yanzu ake kira Riyad. Bisa ga abin da Yahudawan wurin suka gada daga kakanninsu, limaman da suka tsere bayan rushe haikalin Ƙudus a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa su ne suka kafa ta, har suka zo da wani dutse daga can. Ginin da ake gani yau kuwa na ƙarni na 19 ne.

Ana yin ziyarar ranar bikin Lag Ba'omer, kwana na 33 cikin kwanakin da suke ƙidayawa bayan Idin Ƙetarewa. Mai shiga sai ya tuɓe takalmi, ya rufe kai, ya kunna kyandir. Mata sukan rubuta bukatunsu a bayan ƙwai, su ajiye cikin wani ɗan kogo a ƙasan ɗakin. Daga nan sai a fito da wata babbar fitila da aka lulluɓe da gyale iri-iri, a zaga da ita ana waƙe-waƙe. In an gama, baƙi sukan leƙa tsofaffin unguwanni da maƙabartu, kowa yana neman gidan kakansa. A 1948 Yahudawan Tunusiya sun kai kimanin 100,000; yau ba su wuce 1,500 ba, akasarinsu a Jarba.

Ziyarar ta sha wuya. Ran 11 ga Afrilu 2002 aka tayar da wata mota mai ɗauke da gas a ƙofar Gariba, kimanin mutum 20 suka mutu, yawancinsu Jamusawa ƴan yawon buɗe ido. Ran 9 ga Mayu 2023 wani ma'aikacin tsaro ya buɗe wuta, ya kashe mutum 5. Duk da haka ba a rufe wurin ba, a watan Satumba na wannan shekara ma UNESCO ta sa Jarba cikin jerin kayan tarihi na duniya.

Inda Damargu ta shigo

Jarba ba ta da nisa da Tarabulus, a dā ma Yahudawan Tarabulus suna cikin masu zuwa ziyarar. To, Tarabulus ita ce bakin hanyar ayarin da ke bi ta Gadamas da Gat da Abzin, ta ratsa Damargu da Damagaram, ta dire Kano. A nan Damargu, a Tagalal, Bature Heinrich Barth ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson cikin Janairu 1851.

Daga wajen 1870, matan Turai suka ɗauki yayin ado da gashin jimina. Damargu kuwa ƙasar jimina ce kamar yadda take ƙasar hatsi. Larabawan Gadamas suka zauna a Jajiduna suna sayen gashi, Abzinawa suna ɗauka da raƙumansu zuwa arewa. A Tarabulus, manyan ƴan kasuwa Yahudawa, irin su gidan Arbib, suna cikin masu ba fatake kaya bashi, su karɓi gashin, su tantance shi, su aika London da Paris. Ke nan manomin Damargu da attajirin Tarabulus sun ci daga akushi ɗaya, ko da yake ba su taɓa ganin juna ba.

Komi nisan jifa ƙasa zai faɗo. Turawan Afirka ta Kudu suka shiga kiwon jimina, farashi ya karye. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, Italiya kuma ta kama Tarabulus. A 1914 kasuwar gashin ta mutu. Yahudawan Tarabulus suka watse bayan 1948 da 1967, jimina ta ɓace daga dajinmu, har sai da aka buɗe wurin kiwonta a Kelle, cikin gundumar Gure, don kada irinta ya ƙare.

Abin lura gare mu

Mutanen da suka bar ƙasa shekaru 60 ko 70 suna komawa da jikokinsu, domin akwai ginin da aka kiyaye da labarin da aka rubuta. Mu fa? In baƙo ya sauka Tanut ya ce a nuna masa zangon ayari, ko rijiyar da raƙuma suka sha, wa zai yi masa jagora? Dattawan da suka ji labarin daga bakin kakanninsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Wannan aiki ne da ya dace da waɗanda suka fito daga makarantun yaƙi da jahilci. Kowa ya samu littafi da alƙalami, ya zauna gaban dattijon garinsu, ya rubuta sunayen zanguna da rijiyoyi da madugai da Hausa. Sarakunan gargajiya da magadan gari su shata wuraren kafin garma ta bi ta kansu, mahukuntan Tanut da Belbeji kuma su tattara takardun wuri guda, inda ɗalibi da baƙo za su same su.